Dunƙulen Junie a Zanen Tebur

A gidan su Haugen akwai wani farin zanen tebur da ya fi wasu surukan gidan daraja. Marlys Haugen ce mai ajiyarsa. Yana naɗe a ƙasan durowar ɗakinta, ba ya ganin haske sai ranar Bikin Godiya, ranar da dangi ke taruwa a ci gasasshen talotalo. Duk yaron da aka haifa a zuriyar, shekarar da ya cika biyu sai a shafa masa fenti a tafin hannu a danna a gefen zanen. Babban yatsa ya zama kan talotalo, sauran huɗun su zama jela, Marlys ta ɗiga masa ido da baki. In hunturu ya kankama kuma ta zauna da allura ta ɗinka sunan yaron da shekarar a ƙasa da jan zare. Daga uwar mijinta ta gaji abin, ta kuma riƙe shi fiye da wadda ta ƙirƙiro shi. Hannun ɗanta Curtis na nan, da na 'yarta Shelby, da na 'ya'yan Shelby duka uku, kowanne yatsu a baje, ba wanda ya goce daga layi.

Bana layin ya zo kan Junie, 'yar Curtis da matarsa Corinne. Ita kuwa Corinne tun kafin ganyen itatuwa su zube ta yanke a ranta cewa babu mai kama hannun 'yarta, ko da daga sama aka saukar da zanen.

Ba neman fitina take yi ba. Junie tun tana jaririya ba ta ƙaunar wani abu ya taɓa mata tafin hannu. A ajiye ta a kan ciyawa, sai ta ɗaga hannuwa sama ta ƙame har a ɗauke ta. Yashi, man shafawa, kumfar sabulu, duk abokan gabarta ne. Abinci shi ya fi tayar da hankali, don yarinya ta doshi shekara biyu ba ta taɓa ɗaukar loma da hannunta ta kai baki ba, sai dai a ba ta. Likita ya duba ya ce ba a bakin matsalar take ba, a hannun take, ya tura su wajen wata malama Odette da ke koya wa irin waɗannan yara amfani da hannu. Odette ba ta rubuta magani ba, fenti ta ce a saya. Ta kuma kafa doka guda, ta yi ta nanata ta har Corinne ta haddace: kada a taɓa kama hannun a tsoma. Yarinyar ce za ta kai kanta. Ranar da aka tilasta mata, a shirya komawa farko.

Tun daga bazara Corinne ta mayar da kicin ɗinta wurin wasan fenti. Da fari ta matsa kala biyu a leda, ta rufe bakin, ta manna a gilashin taga da salatif, don Junie ta danna ba tare da ta ɓaci ba. Makonni yarinyar tana hararar ledar daga bayan kujera. Rannan ta zo ta zungure ta da cokalin katako, shuɗi ya gudu cikin rawaya ya koma kore, ta ja da baya ta ƙyalƙyale da dariya. Daga nan aka koma buroshi mai dogon mariƙi da bokitin ruwa zalla, a yi ta shafa katakon baranda rana na busarwa. Corinne ta riƙa bin mariƙin da zarto a ɓoye tana rage shi kaɗan-kaɗan, har gashin buroshin ya matso kusa da yatsu Junie ba ta farga ba. Aka yi motocin wasa, a tura su cikin fenti su bar sawun taya a takarda. Aka yi ƙanƙara mai kala da tsinke a jiki. Wata rana a ci gaba, wata rana ɗigo ɗaya ya faɗo mata a yatsa a tashi wasan da kuka. Abin da ya fi wa Corinne wuya shi ne hana kanta taimakawa. Har zama take yi a kan hannuwanta, ta danne su da cinya, don kada su miƙe da kansu.

Kicin ɗin kam ya ga ta kansa. Bango ya yi tabo, tebur ya yi tabo, karen gidan ma ya daɗe yana yawo da koren kunne. Corinne ba ta bai wa kowa haƙuri ba. Baƙon da ya shigo ya yamutsa fuska, sai ta nuna masa kujerar da ta fi bushewa.

Ana saura 'yan kwanaki bikin, ta zuba yogot a faranti ta ɗiga masa jan kalar abinci, ta juya baya tana wanke-wanken ƙarya. Ta wutsiyar ido ta ga Junie ta miƙa yatsa ɗaya ta taɓa. Ta duba yatsan, ta goge a wandon uwarta, ta sake taɓawa. Da gari ya waye yatsun suka ƙaru. Ranar jajibiri ta ɗauki yankan ayaba da hannunta ta kai baki, ta tauna, ta ɗauki wani. Corinne ta shige banɗaki ta yi kukanta a hankali don kada yarinyar ta ɗauka laifi ta yi. Murna ta ɗebe ta har ta buga wa surukarta waya ta ba ta labari.

"Madalla," in ji Marlys. "Ashe hannun ya buɗe a kan gaɓa."

Sai da Corinne ta ajiye wayar ta gane da bakinta ta jawo wa 'yarta.

Marlys ba muguwa ba ce, wannan ma shi ya sa sha'ani da ita ya fi wuya. Ita ce mai kawo miya in wani ya kwanta ciwo, ita ce ta kwana a asibiti ranar haihuwar Junie, ita ce ta ce Corinne ta riƙa kiranta Mama tun ranar biki. Sai dai a ganinta duk wannan wasan fenti sangarta ce aka ba ta sunan likitanci. Ta raini biyu, ta taya rainon uku, kuma duk sun yi kuka ranar zanen, ba wanda hannunsa ya guntule. Ba ta taɓa faɗin haka kai tsaye ba, don mutanen wajen nan ba sa faɗa da baki buɗe. In abu bai yi musu ba sai su ce, "To, wannan kuma wani salo ne," su miƙa maka kofi.

Curtis kuwa mutumin kirki ne irin wanda ke tsoron a ɗaga murya a ɗaki. Corinne ta ce ya yi wa uwarsa bayani tun da wuri, ya ce ya yi. Da ta matsa ta ji me ya faɗa, ashe cewa ya yi Junie tana da ɗan ƙyanƙyami, a bi ta a hankali. Da wannan suka kama hanya da safe, dusar ƙanƙara na zuba sama-sama, Junie a kujerarta ta baya tana cin ayaba da hannu.

Gidan Marlys ya cika da ƙanshin nama da kabewa. Maza sun riga sun baje a falo suna kallon ƙwallo a talabijin. Corinne ba ta ko cire rigar sanyi ba Marlys ta ja ta ɗakin ƙasa, wai ta zo ta ga wurin da ta ware wa Junie. Zanen na shimfiɗe a kan dogon tebur, ga fenti ruwan ƙasa a ɗan faranti, ga soso, ga dutsen guga a jone a gefe yana jira, don irin wannan fentin ba ya kama yadi sai an bi shi da guga. Wurin Junie na kusa da na ƙaramin ɗan Shelby, har an zana masa iyaka da fensir.

"Mama, bana ba za a yi ba," in ji Corinne.

Ta faɗa a hankali, ta kuma zo da mafita har biyu. Ko a ba Junie buroshi ta shafa abin da ta ga dama a wurin nata, ko a bar wurin har baɗi. Marlys ta saurara tana gyara gefen zanen da tafin hannu. Ta ce buroshi ba hannu ba ne. Baɗi kuma hannun 'yar shekara uku ne, zai fi na sauran girma ya ɓata layin, sannan wa ya san ko ita tana nan baɗi. Wannan maganar ta ƙarshe tun Curtis na makaranta take yinta, kuma har yau ita ke share ƙanƙarar ƙofar gidanta da shebur. Corinne ta sake maimaita dokar Odette, ta ce abin da ake tsoro ba kukan yau ba ne, cin abincin gobe ne.

"To, ba komai, 'yar nan," in ji Marlys. "Ke ce uwarta."

Corinne ta yi shekaru a cikin dangin nan, ya kamata a ce ta san fassarar "ba komai" a bakin Marlys. Amma mutum in ya gaji da tsaro yakan so ya yarda an ji shi. Ta hau sama ta zaunar da Junie a cinyar ubanta, ta raɗa masa cewa kada ya bari ta sauka daga idonsa. Ya ce an gama.

Can an jima Marlys ta leƙo ta ce ko Corinne za ta taimaka da tuƙa dankali, kafaɗarta na mata ciwo. Ba a cewa a'a ga aikin kicin ranar Bikin Godiya, sai dai in mutum na so a yi ta labarinsa har Kirsimeti. Ta ɗaura tawul a ƙugu, ta zuba madara da man shanu a tukunyar, ta kunna injin tuƙawa. Tsohon inji ne mai ƙara kamar babur. A daidai lokacin Shelby ta shiga falo ta ce wa yayanta ya kawo Junie ta nuna mata kyanwar da ta haihu a ƙasa. Curtis ya dubi ƙanwarsa, ya dubi talabijin, ya miƙa yarinyar.

Da Corinne ta kashe injin don ta ɗanɗana gishiri, sai ta ji kukan. Ba kukan faɗuwa ba ne, ba na yunwa ba. Wannan siririn kukan ne mai shiƙewa da ta yi watanni ba ta ji ba. Ba ta san lokacin da ta sauka matakalar ba.

Shelby na zaune ta rungume Junie ta baya, ta danne mata ɗaya hannun. Marlys ta riƙe wuyan hannun dama, ta riga ta shafe tafin da fenti, tana ƙoƙarin ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya tana lallashi, wai ki buɗe wa Kaka, 'yar kirki, yanzu za a gama. Junie ta ƙi. Ta dunƙule hannun gam, fuskarta ta yi jawur, majina da hawaye sun haɗe. A kan zanen, cikin iyakar fensir, akwai wani curin tabo ruwan ƙasa da aka danna da dunƙule, ya ja jela gefe inda yarinyar ta fizge.

"Saura ƙiris," in ji Marlys, ko waigowa ba ta yi ba. "Riƙe mini gwiwar hannun."

"Marlys, sake ta."

Jin sunan a bakin Corinne ne ya sa tsohuwar ta saki, ba umarnin ba. Shelby ta fara cewa ai nata ma duk sai da suka yi ihu, wai Corinne, malama likita, ta kwantar da hankalinta. Corinne ta ɗauke 'yarta daga cinyarta ba ta ko dube ta ba, ta haye sama ta shige banɗaki ta sa sakata.

Junie ta miƙar da hannun nesa da jikinta, kamar ba nata ba. Tana kuka tana yunƙurin amai. Corinne ta tara ruwan ɗumi a roba ta ajiye a ƙasa, ta zauna dirshan a kan tayil, ba ta kama ba, ba ta goge ba. Da kukan ya ɗan lafa ta buɗe nata tafin ta ajiye kusa da yarinyar, kamar yadda suke yi a gida kafin su fara wasa. Junie ta kalli hannun uwarta, ta ja jiki ta maƙure a jikin bahon wanka. Wannan ya fi komai yi wa Corinne zafi. Wata da watanni tana danne hannuwan nan don yarinyar ta san ba za su kama ta ba, yau ga shi an haɗa su da na kowa.

Curtis ya ƙwanƙwasa, ya ce wallahi bai san abin da za su yi ba, kyanwa aka ce masa.

"Gidan nan akwai kyanwa, Curtis?" in ji ta ta cikin ƙofa.

Babu kyanwa a gidan. Uwarsa ko gashin kyanwa ta shaƙa sai ta kwana tana atishawa, kuma shi ya fi kowa sani.

A ƙarshe gajiya ta kayar da Junie. Corinne ta naɗe ta a tawul ta kai ta ɗakin baƙi ta kwantar, fentin ya bushe mata a dunƙule, tana barci tana ajiyar zuciya. Niyyar Corinne ta ɗauko rigunan sanyinsu su tafi gida, talotalon ya ci kansa. Ta zo wucewa ta ƙofar kicin sai ta ji muryar uwa da 'ya, ƙasa-ƙasa. Shelby na cewa ai abin bai ɓaci ba, tunda ba a bi shi da guga ba ruwan sanyi da sabulu za su fitar da tabon tas. Ga shi yarinyar ta yi barci, hannun mai barci kuwa a sake yake, a lallaɓa a danna mata ba ta ma sani ba. Marlys ta ce a bari a ci abinci tukuna. A shimfiɗa zanen haka, a ɗora kwanon romo a kan tabon, in Corinne ta shiga wanke-wanke sai a san abin yi.

Corinne ta tsaya da rigar sanyi a hannu. Ba su ga abin da suka yi ba ke nan. A wurinsu zane ne ya ɓaci, kuma zane ana wanke shi. Za a wanke, a sake, in ba yau ba ranar Kirsimeti, nan da wasu shekaru a jera Junie cikin talotalai masu yatsu a baje, a riƙa nuna mata ana cewa ga hannunki nan, kin ɗan yi rigima amma kin buɗe. Ta mayar da rigar ƙugiya. Ta samu Curtis a tsaye a lungu yana zare ido, ta nuna masa ƙofar ɗakin baƙi.

"Zauna nan. Ko uwarka ce ta zo, ba ta shiga. In ka sake tashi, ka nemi inda za ka kwana."

Ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙofar, ita kuma ta sauka ɗakin ƙasa.

Dutsen gugar na nan a jone, ya yi zafi har yana ƙas-ƙas. Ta ga yadda ake yi shekarar ƙaramin ɗan Shelby. A shimfiɗa tsumma a kan fentin, a danna, ba a ja, a ɗaga, a sake dannawa. Ta taɓa tabon da yatsa ta ji ya bushe. Sai a lokacin ta dube shi da kyau. Ga sawun gaɓoɓin yatsu huɗu a lanƙwashe, ga gefen babban yatsa ya rufe su, ga jan da aka yi da ƙarfi zuwa waje. Mutum biyu manya sun taru a kan yarinya 'yar shekara biyu, ba su buɗe hannun nan ba. Cikin baƙin cikinta Corinne ta ji wani alfahari ya taso mata. Ta ɗora tsumman ta danna dutsen da duk nauyinta.

Warin fenti mai zafi ne ya sauko da Marlys. Ta tsaya a tsakiyar matakala da cokalin romo a hannu.

"Me kike yi?"

"Guga. Ba haka ake yi ba in an gama?"

"Ai ba a gama ba. Ɗaga, 'yar nan, ɗaga, in ya kama ba ya fita."

"Na sani."

Marlys ta ƙaraso da saurin da mai ciwon kafaɗa bai kamata ya yi ba, ta janye tsumman. Fentin ya shige cikin zare, ya yi duhu, ya zauna daram. Ta sa farce ta kankara, ko gezau. Da hawaye a idonta ta ce zanen nan ya girmi Corinne, hannun marigayi mijinta na jiki, hannun 'ya'yanta na jiki, ta tsare shi daga romo da ruwan inabi da asu duk tsawon aurenta, yau a wayi gari an lalata mata shi da gangan. Corinne ta ji tausayinta, don hawayen gaske ne, amma tausayin bai sa ta ja da baya ba.

"Ni ban sa masa fenti ba," ta ce. "Kin ce hannunta kike so bana, ba buroshi ba, ba baɗi ba. To ga shi nan. Haka hannunta yake yau. Wurin ya cike, ba sauran abin da za a danna."

"Me zan ɗinka a ƙarƙashin wannan?"

"Sunanta da shekarar. Kamar na kowa."

Ta zare wayar dutsen daga bango, ta tattara zanen a hannu ta hau da shi. Da kanta ta shimfiɗa a teburin cin abinci, ta juya shi yadda gefen Junie ya faɗo a kan tebur, daidai gaban kujerar Marlys. Shelby ta buɗe baki, mijinta ya taɓa mata hannu ta rufe. Aka jera faranti, kowa na yi wa kowa ladabin da ya fi zagi ciwo. Marlys ta kawo kwanon romo ta ɗora a kan tabon. Corinne ta miƙa hannu ta matsar da shi tsakiya, ta ce nan kowa zai fi kaiwa. Marlys ta kawo gishiri ta ɗora, shi ma Corinne ta matsar. Ba a sake ɗora komai ba.

Aka zauna, aka yi addu'a, mijin Shelby ya hau yanka nama da himmar da ta wuce ƙima. Babbar 'yar Shelby, mai shekara tara, wadda kowace shekara sai ta bi zanen tana neman hannunta, ta leƙo ta tambayi Kaka wannan kuma wane irin talotalo ne. Marlys ta ce kuskure ne aka yi, ta ci abincinta.

"Ba kuskure ba ne," in ji Corinne. "Hannun Junie ne. Ta ce ba ta so, aka danna."

Yarinyar ta dubi kakarta, ta dubi uwarta, ta sunkuyar da kai ga faranti. Daga nan sai ƙarar cokula.

Ana tsakiyar ci Curtis ya shigo da Junie a kafaɗa, ta farka, idanu sun kumbura. Bai zauna a kujerarsa ba, ya ja ta kusa da ta matarsa. Junie ta koma cinyar uwarta ta cusa hannuwa biyu a hammata, ta matse. Marlys ta tashi ta shiga kicin, ta dawo da ɗan faranti. Ayaba ce ta yanka ƙanana-ƙanana, ta jera su da kyau, ta ajiye a gaban jikarta. Irin ban haƙurinta ke nan, ba ta da wani.

Junie ta kalli ayabar. Yunwa take ji, don har tana haɗiyar yawu. Ta ƙara matse hannuwan, ta ɗaga kai ta dubi uwarta, ta buɗe baki.

Corinne ta jira. Ta jira har mijin Shelby ya ajiye wuƙa, har ƙwallon falo kaɗai ake ji. Hannuwan ba su fito ba. Sannan ta ɗauki ƙaramin cokali ta ɗebi yanka ɗaya ta sa wa 'yarta a baki, a gaban kowa, ba ta juya kujera ba, ba ta kare da jiki ba.

"Ba kin ce tana ci da hannunta ba?" in ji Marlys, da wata 'yar murya.

"Har safiyar yau tana ci," in ji Corinne, ta sake ɗebo wani.